Kujerar da Aka Hana Kowa Zama

Ya 'yan uwa, kafin in taɓa laifin wani, bari in ajiye nawa a gabanku, tunda ba shi da nauyin ɗauka. Ina jin daɗi idan aka ɗauke mini takalmi. Na san bai kamata ba. Idan na iso bakin ƙofa na tuɓe su, wani ya sunkuya ya ɗauka, bakina yakan ce, "A'a, a'a, bar shi, bar shi," amma hannuna bai taɓa miƙewa ya hana ba. Takalman ma ba wasu na kirki ba ne, ɗayan dunduniyarsa ta cinye. To, na faɗa. Yanzu mu koma kan wanda ya fi ni.

An yi wani mutum, mai aski ne. Ba zan kama sunansa ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin wani tela da wani mai gyaran waya. Idan ka shiga, ga benci a hagu, ga talabijin a maƙale a kusurwa, ga katako a jikin bango an jera injin aski da almakashi da buroshi da kwalbar hoda. Ga babban madubi. A gaban madubin kuma ga kujera.

Ku riƙe kujerar nan, don labarin nata ne. Ta ƙarfe ce, mai jar fata, irin wadda ake taka mata ƙafa ta ɗaga mutum sama, a ja wani hannu ta kwantar da shi baya. Wajen mahaifinsa ya gaje ta, kuma ita kaɗai ce a shagon. Daga kujerar nan aka yi masa aure. Daga ita 'ya'yansa suke ci, daga ita suke zuwa makaranta. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Ita ke nan.

Kuma ya iya aikinsa. Ni ma can nake zuwa, ko da yake abin da ya rage a kaina bai kai a kunna masa inji ba. Yakan zagaya ni da almakashi yana ƙyas-ƙyas a iska, don dai ya rufa mini asiri a gaban masu jira. Mutumin kirki ne. Yana salla a kan lokaci, ba ya cutar kowa.

To ina matsalar? Yana son wani Shehi da ke zaune a wani gari mai nisa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce son malamai laifi ne. Ban faɗa ba. Shehin nan ma ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Waɗanda suka zauna gabansa sun ce karatu yake bayarwa, kuma shi kansa ya gaji da yadda ake danne shi a hanya. Amma mai askin nan bai taɓa zama a karatunsa ba. Ka ce ya faɗa maka abu ɗaya da Shehi ya koyar, sai ya hau kame-kame. Amma tambaye shi launin motocin Shehi. Tambaye shi laƙabin direbansa. Tambaye shi irin turaren da yake shafawa, da ɓangaren da yake sakin jelar rawaninsa. Sai ka ce ka kunna rediyo.

Ganinsa da Shehi bai wuce daga nesa ba, cikin taro, ɗan farin ɗigo can a kan dandamali. Hoton da ya manna a gefen madubi kuwa rana ta cinye shi, ba abin da ya rage sai rawani da gemu. Sannan a cikin abokan tafiyarsa akwai wata doka da ba wanda ya san wanda ya kafa ta: ba a kallon Shehi a fuska. Wai idon ɗan adam bai isa ba. Idan ka tsinci kanka a gabansa, ƙasa za ka duba.

A gida kuma akwai matarsa, ita ma da nata gwanin. Wani ɗan fim ne. Ta san ranar haihuwarsa, ba ta riƙe ta mijinta ba. Ta san lambar takalminsa. Ranar da aka kashe shi a cikin wani shiri, ta yi kukan da maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu. Ta daina gaisawa da ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, don ƙanwar ta ce gwanin nata ya fara tsufa. Tukunyar da ta ƙone a gidan nan saboda shi, Allah kaɗai ya san yawanta.

Kullum suna cikin wannan rigima.

"Maman yara, ke dai kin ji kunya," in ji shi. "Mutum kamarki, yana ci yana sha yana mura, kin mai da shi abin bauta. Ya ma san da ke a duniya?"

"Shi naka Shehin ya san da kai?"

"Ya san ni mana. Ta baɗini."

"To ni ma nawa ya san ni. Ta waya. Na yi masa magana ya aiko mini da hoton zuciya. Kai me aka taɓa aiko maka?"

Sai ya tashi ya fita yana salati. Shi dai yana alfahari da cewa bai taɓa kallon fim ba. Talabijin ɗin shagonsa ƙwallo da labarai kaɗai yake nunawa. Yakan ce ko a hanya ya ci karo da ɗan fim ba zai gane shi ba. Wannan maganar tasa gaskiya ce, ya 'yan uwa. Ita ce ma ta kashe shi.

Wani mako sai magana ta bazu cikin abokansa cewa Shehi zai ratsa ta garin. Ba wanda ya san rana, ba wanda ya san hanya, ba ma wanda ya san inda maganar ta fito. Mai aski ya kasa zama. Duk motar da ta wuce sai ya leƙa.

Ran nan da rana tsaka, ina kan kujerar, ya gama gyara mini gefe ɗaya na gemu, ya shafa kumfa a ɗaya kuncin, sai muka ji hayaniya. Baƙar mota mai duhun gilashi ta tsaya daidai ƙofar shago. Jama'a na bin ta a guje. Wayoyi a sama. Samari sun rungume motar suna shafa ta. Mata na kuka. Wani ya yanke jiki ya faɗi ana yi masa fifita. Wasu ƙatti biyu suka fito suka ture mutane, suka buɗe ƙofar baya. Sai ga mutum cikin fararen kaya, da rawani, da gemu, da carbi a hannu.

Ɗaya daga cikin ƙattin ya leƙo ya ce, "Kai ne mai aski? Gemu za ka gyara masa. Yi sauri, ana jiran mu."

Mai aski ya dubi taron nan, ya dubi masu kuka, ya dubi wanda ya suma. A iya saninsa, mutum ɗaya ake yi wa haka a duniya. Nan take ya sunkuyar da kai ƙasa, bai ƙara ɗagowa ba.

Ni kuwa ban san lokacin da aka sauke ni daga kujerar ba. Na tsinci kaina a jikin bango da kumfa a rabin fuska. Kuma ni na ɗaga ido na duba, na gane mutumin sarai. Gwanin matarsa ne. Suna ɗaukar wani shiri a layin baya, an ba shi matsayin malami, gemun da ya tara ya yi buzu-buzu. Kada ku tambaye ni yadda na gane shi. Mai wa'azi dole ya san abin da yake hanawa, shi ya sa na bi shirin nasu daga farko har ƙarshe.

Jama'a, kun taɓa ganin mai askin da ya gyara gemu bai dubi fuskar mai gemun ba? Ni na gani. Idonsa bai wuce leɓen ƙasa ba. Madubi kuwa ko kusa bai kalla ba. Gumi na zuba, amma ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa ba. Da aka gama, mutumin ya shafa gemunsa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Hannunka da sanyi, malam. Allah ya yi albarka." Maganar da kowa ke faɗa wa kowa. Mai aski ya zube a kan gwiwoyinsa. Aka miƙa masa ladan aiki ya girgiza kai yana hawaye. Mota ta tashi, jama'a suka bi ta.

Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauko tsintsiya da farar takarda, ya tattara gashin da ke ƙasa a hankali, ya zuba a wata kwalba. A nan ina so in ba da wata shaida don Allah. Ni aka tasa daga kujerar nan, kuma ba a yi shara ba kafin baƙon ya zauna. Mutumin nan gemunsa baƙi ne wuluk. Duk furfurar da ke cikin kwalbar nan tawa ce.

Na tafi gida da rabin gemu.

Washegari da na koma a ƙarasa mini, sai na tarar an lulluɓe kujerar da farin mayafi, an zagaye ta da igiya. Injin da almakashin da aka yi aikin da su an naɗe su a ƙyalle an ɗora a sama. Ya aro kujerar roba ya ajiye a gefe, ya zaƙulo wani tsohon inji wanda ba ya aske gashi, sai dai ya tsige shi. Madubi kuwa a gaban kujerar Shehi yake, don haka mai yin aski bango zai fuskanta, ya dogara ga Allah.

An faɗa masa gaskiya? An faɗa masa mana. Tela maƙwabcinsa ya shigo da tef a wuya ya ce, "Maƙwabci, wai me nake gani haka? Wannan fa ɗan fim ne."

Mai aski ya ce, "Haka maƙiyansa suke cewa kullum. Ban zaci kana cikinsu ba." Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Mai gyaran waya ya zo zai nuna masa hoto, ya rufe ido ya ce ba za a sa shi kallon fuskar Shehi ba. Ni ma na gwada. Na zauna na yi masa bayani da lallashi, har da tauna kalmomi irin na masu ilimi. Ya saurare ni har na gama, ya dube ni da tausayi, ya ce hassada tsakanin malamai ba sabon abu ba ne, zai sa ni a addu'a.

Saura mutum ɗaya da zai iya warware wannan abu da magana ɗaya: matarsa. Tun kafin ya dawo gida ran nan ta ga hotunan a wayarta. Ga gwaninta a shagon mijinta, ga mijinta a durƙushe. Da ya shigo yana ba ta labarin wanda ya zauna a kujerarsu, ta buɗe baki. Sai ta rufe.

Ku tsaya ku ji lissafin da ta yi. Idan ta faɗa, gobe za a yaye mayafin, kowane mai gumi da amosani ya zo ya zauna inda gwaninta ya zauna. Kwalbar kuma a watsar a bola. Idan ta yi shiru fa?

Da safe sai ga ta a shago da tsumma da turare. Ta nemi izini ta tsallaka igiya, ta durƙusa tana goge ƙafafun kujerar, hawaye na zuba. Shi ma ya durƙusa a gefenta yana kuka. Miji da mata, kafaɗa da kafaɗa, gaban kujera ɗaya, kowa yana kukan mutum daban.

Ya fito yana shelanta wa duniya: ga karama ta farko, matarsa ta shiryu. Kuma in faɗa muku gaskiya, gidan nan bai taɓa ganin zaman lafiya irin na wannan lokacin ba. Ba gardama, ba ƙona tukunya. Tare suke fitowa, tare suke komawa. Na taɓa hango su suna raba lemo ɗaya, har na ji wani abu a raina. Amma wane irin zaman lafiya ne wannan, ya 'yan uwa, wanda aka gina a kan gemu guda da masu shi biyu?

Labari ya kai ga abokan tafiyarsa. Suka fara zuwa ziyara. Sai a tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a cika benci, a zauna a ƙasa, a shafa igiya a shafa a fuska. Ba wanda ya tambaya, don tambaya a wajensu alamar raunin zuciya ce. Aka sauke talabijin. Aka fara tsoma silin gashi a ruwa ana rabawa. Wani dattijo da ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa ya sha, ya miƙe ya yi tsalle a gaban kowa ya ce ya warke. Na sha tunanin ko furfurata ce ya sha. Ban dai faɗa wa kowa ba, don gwiwata ni ma ciwo take.

Masu aski fa? Mutum ya zo da kansa a cike, ya tarar sai ya tsallaka takalma, ya ratsa masu ziyara, ya zauna a kujerar roba yana kallon bango, a tsige masa gashi yana cije baki, sannan ya je gida matarsa ta tambaye shi wa ya yi masa wannan aika-aika. Wa zai dawo? Ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka titi zuwa sabon shagon da aka buɗe. Masu ziyara kuwa ba sa aski. Shago a cike maƙil, aljihu fayau. Aka koro yaran daga makaranta, ya ce jarrabawa ce. Tukunya ta fara kwana ba a ɗora ba, ya ce albarka ba a ciki take ba.

Mai shagunan, wanda suke haya a wajensa, ya zo da kansa. Mutum ne mai ƙaramar murya da ba ya maimaita magana. Ya ce, "Na ba ka wuri ka yi aski, ban ba ka ka buɗe wurin ziyara ba. Tela ya kawo ƙara, mai waya ya kawo ƙara, an toshe musu ƙofa. Ka yaye ƙyallen nan ka koma aikinka. Rigima ɗaya in na ji, makullina zan karɓa."

Kun ga, har a nan ƙofa a buɗe take. Igiya ce kawai zai kwance. Ya taka ƙafar kujera ta ɗaga, ya kira na gaba. Shi ke nan fa! Amma ya ce gara ya rasa shagon da ya ɗora wani a inda Shehi ya zauna. Matar kuma tana tsaye a bayansa tana gyaɗa kai.

To, asirin da ke cikin mace mai son gwaninta, yaya za a yi ya zauna? Abin ya cika mata ciki. Ta faɗa wa ƙawarta guda, ta ce kada ta faɗa wa kowa. Ƙawar ta faɗa wa ƙungiyarsu ta masoya, ta ce kada su faɗa wa kowa.

Ranar da abokan mai aski suka sa za su yi babban zama a shagon, ranar ce motar haya ta tsaya a bakin titi. Mata da samari suka firfito, wasu da riguna masu hoton ɗan fim ɗin a ƙirji. Na je wucewa ne, na tsaya a ƙofar tela. Suka kutsa cikin shago da takalmansu. Wata mai jiki, da tabarau a goshi, ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiya, ta yaye mayafin, ta zauna daram. Ta harɗe ƙafa ta ce, "Ɗauke ni, ɗauke ni, ki tabbata madubin ya fito."

Sai wani ya ƙwala ihu, "Kujerar Shehi!"

Ta ce, "Wane Shehi kuma? Kujerar gwaninmu ce, baba. Matsa, kana tare mana haske."

Ta zaro waya ta ɗaga sama. Ga mutumin da rawani, da gemun da aka gyara a nan, yana wa'azi a cikin shiri. Ta shafa da yatsa. Ga shi nan dai, gemun nan dai, cikin matsattsiyar riga, yana rawa a ƙarƙashin ruwan sama yana nuna wata da yatsa.

Dattijon nan mai gwiwa ya matso ya ƙura ido. Ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa gwiwarsa ya nemi wurin zama. Ciwon ya dawo a take.

Ban ga wanda ya fara kai hannu ba. Na dai ji ƙarar madubi. Benci ya kife, hoda ta tashi ta cika shago, kowa ya yi fari fat. Masu ziyara na cewa an yaudare su, a fito musu da mai aski. Masoya na cewa an taɓa musu 'yar uwa. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba dukan ba ne. Ana cikin dambe, sai na ga hannaye suna miƙewa ta ƙarƙashi suna yagar fatar kujerar. Masoya na yaga, don gwaninsu ya zauna a kai. Masu ziyara su ma na yaga, wai ko da wataƙila, ai ba a sani ba. Wani ya kwance hannun kujerar ya cusa a riga. Kwalbar gashi ta yi ɓatan dabo.

Wallahi na tsaya na duba da kyau, in ga ko zan iya raba su. Hoda ta rufe riguna, ta rufe huluna. Hawayen iri ɗaya ne. Dasasshiyar muryar iri ɗaya ce. Gwiwar hannun da ake zungurar na kusa da ita iri ɗaya ce. Ban iya gane wane ne na Shehi, wane ne na ɗan fim ba.

Da ƙura ta lafa, ba abin da ya rage na kujerar mahaifinsa sai ƙarfe tsirara. Mai aski na zaune a ƙasa cikin fasassun gilasai, leɓensa a fashe. Ya ɗaga kai ya dubi matarsa.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Kika bar ni?"

"Baban yara, da na faɗa za ka ji? Tela bai faɗa ba?" Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Kuma ai ya zauna a kai."

Ya dubi hannunta. A dunƙule yake, jar fata na leƙowa ta tsakanin yatsunta.

Kafin la'asar mai shaguna ya sa kwado. Matar ta kwashi yaran ta tafi gidan yayanta, har yau manya na kai da kawowa.

Kuna tsammani ya hankalta? Haba! Sai ya yi shiri ya tafi garin Shehi neman gafara. Ya yi ta jira a ƙofa har aka shigar da shi. Ya zube, kansa a ƙasa, ya zayyana komai. Shi da kansa ya ba ni labarin. Shehi ya saurara, ya ce shi bai taka garinsu ba a wannan shekarar, kuma ɗan ƙaninsa ne yake yi masa aski a tsakar gida. Sannan ya ce, "Bawan Allah, ɗago kai ka dube ni, don kada gobe a sake."

Bai ɗago ba.

Shehi ya sake cewa, "Ni nake ce maka. Ɗago."

Ya ce, "Ban isa ba."

Shehi ya yi ajiyar zuciya, ya ce masa ya je ya nemi abin da zai ciyar da 'ya'yansa, ya koyi karatu wajen malamin da ke kusa da shi. Ya dawo yana ba mu labarin zanen da ke jikin dardumar ɗakin. Har yau bai san fuskar Shehi ba.

Ya 'yan uwa, don Allah ku duba wannan abin takaici. Mutumin da yake cewa zai ba da ransa saboda Shehi, Shehi ya roƙe shi abu ɗaya, ya ɗaga kai kawai, ya ƙi. To wa yake bi? Ba Shehi yake so ba. Rawar jikin yake so. Tsumar nan da ke kama mutum cikin taro, da hawayen, da jin cewa ya taɓa wani abu da ya fi ƙarfinsa, ita yake nema. Ita matarsa take nema a waya. Ɗaya ya sa wa tasa rawani, ɗaya ta sa wa tata kiɗa. Da aka kawo musu mutum guda, sai ga shi ya ishe su su biyun.

Na ga wasunku suna dariya tun ɗazu. Masu bin malamai na yi wa matar dariya, masu kallon fim na yi wa mijin. Ni dai na gaji da ku duka. Kai da kake zagin 'yarka don ta manna hoton ɗan wasa a ɗaki, me ke manne a gilashin motarka? Me malamin naka ya koya maka da ya hana ka tauye mudu? Idan ka san launin motarsa ba ka san karatunsa ba, kai ba almajirin ilimi ba ne, ɗan kallo ne. Ke kuma da kike gaba da 'yar uwarki saboda mutumin da ko sunanki bai sani ba, ranar da kika kwanta ciwo shi zai zo ya riƙe miki kai?

Malami mutum ne. A je gabansa, a dube shi, a tambaye shi, a ɗauki gaskiyar da ya faɗa a yi aiki da ita. Wannan shi ne so. Zuciyar da Allah ya halitta don ta rusuna masa shi kaɗai, idan ka saba mata da rusuna wa kowane mai taro, wata rana za ta rusuna wa kujera. Kuma kujera ba ta ceto. Wannan ma da take ciyarwa, sai da aka mai da ita abin girmamawa ta daina.

Mu ma masu hawa mumbari muna da namu kason. Muna gani ana yi, muna cewa "a'a, a'a" da baki.

Mai askin nan yanzu a gindin wata bishiya yake aiki, kusa da tashar mota, da ɗan benci da madubin hannu. Hannunsa har yanzu da sanyi. Idan kun bi ta wurin ku zauna ya yi muku, yaransa na bukata.

Ya Allah, ka tsare zukatanmu daga rusuna wa waninka. Ka ba mu son mutanen kirki irin wanda yake da ido. Ka mayar wa bawan nan naka iyalinsa da sana'arsa. Allah ka kiyashe mu, mu da masu sauraronmu, da abin da muke mannawa a bango. Amin.

Mai askin dai ya bi shawarar Shehi guda ɗaya, ya nemi malamin da ke kusa da shi. Shi ne yake ɗaukar mini takalmi yanzu.